BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: WAIWAYE A KAN TARIHIN BUSHIYA DA HUJIN SHANU

Gabatarwa

Hausawa kan ce rigakafi ya fi magani. Yawan faɗin wannan magana ya sa ta zama tamkar gaisuwa, ana furta ta ba tare da an tsaya an auna nauyinta ba. Amma akwai wasu bayin Allah a ƙasar nan waɗanda suka sayi sanin ma'anarta da tsada, su ne makiyaya. Har sau huɗu, daga wajejen 1890 zuwa 1983, annoba guda ɗaya ta ratsa garkunan Arewa ta bar rugage fayau. Hausawa na kiran wannan annoba bushiya, Fulani kuwa su ce da ita pettu. A yau babu ita ko'ina a bayan ƙasa, domin tun a 2011 aka tabbatar da ƙarewarta. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa gaba ɗaya, bayan agana.

Wannan maƙala za ta bi sawun bushiya tun daga shigowarta har zuwa ƙarewarta, tana mai duban ƙasar Gombe da maƙwabtanta. Manufa ita ce a nuna cewa abin da ya tsare shanu shi ne tsayayyen shiri tsakanin mai dabba da malamin dabbobi, irin wanda ake ƙullawa tun dabba tana tsaye a kan ƙafafunta. A duk lokacin da aka riƙe wannan shiri garke ya tsira, a lokacin da aka sake shi kuwa ciwo ya dawo, alhali maganinsa yana nan a ajiye.

Gombe Ƙasar Nagge

Ba za a fahimci girman abin da ake magana a kai ba sai an san matsayin saniya a wannan ƙasa. Masarautar Gombe, wadda Buba Yero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tashi ne a gaɓar kogin Gongola, inda ruwa da ciyawa ke jawo makiyaya daga Borno da Adamawa da Bauci. Daga Gombe Abba hedikwata ta koma Nafaɗa a 1913, sa'an nan ta dawo Doma a 1919, wato garin da muke ciki a yau. Sauyin mazauni bai sauya sana'a ba, ƙasar ta ci gaba da zama mahaɗar burtali da kasuwannin shanu.

Bugu da ƙari, a Gombe saniya ba ta makiyayi kaɗai ba ce. Binciken da Mary Tiffen ta wallafa a 1976 game da tattalin arzikin masarautar, daga 1900 zuwa 1968, ya nuna yadda manoman Gombe suka rungumi garmar shanu da noman auduga har suka yi fice. Isowar jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960 ta ƙara buɗe kasuwa. Ke nan idan ciwo ya faɗa wa shanu a irin wannan ƙasa, ya taɓa mai ruga, ya taɓa mai shanun huɗa, ya taɓa dillali da mahauci da dukawa da mai tallan nono. Ba banza ba Bahaushe ya yi wa nagge kirari da daɗi goma.

Shekarar Sannu

Bushiya ƙwayar cuta ce 'yar uwar ƙyanda, sai dai ba ta kama mutum. Saniyar da ta kamu takan fara da zazzaɓi, sai ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo ta kasa cin ciyawa, daga nan sai zawo mai tsanani ya ƙarasa ta cikin mako guda ko biyu. Ƙwayar ba ta jure rana, saboda haka tana yaɗuwa ne ta hanyar cuɗanya, a mashaya da kasuwa da burtali. Abu guda ne mai daɗi game da ita: wadda ta kamu ta tashi ba ta sake kamuwa har ta mutu. A kan wannan sirri ne aka gina duk dabarun da suka biyo baya.

Babbar annobar ta shigo Afirka ne ta tashar jiragen ruwa ta Masawa a 1887, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su domin abinci. Ta cinye shanun Habasha har ta haddasa babbar yunwa, ta ratsa Sudan ta iso yankin tafkin Cadi, ta bi ƙasar Hausa ta yi yamma. A 1897 ta dangana da ƙarshen Afirka ta Kudu. A mafi yawan wuraren da ta bi, cikin shanu goma takwas ko tara ne suka mutu. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, wanda ya bi ta Sakkwato da Kano a 1891 ya isa Kukawa a 1892, ya rubuta irin ɓarnar da ya gani a hanya.

Wani jami'in sashen dabbobi, F. W. de St. Croix, ya tattara abin da tsofaffin Fulani suka tuna a littafinsa na 1945. Sun shaida masa cewa wasu da suka rasa dukiyarsu baki ɗaya sun zauce, har akan ga mutum yana yawo a daji yana kiran shanun da babu su. Sunan da aka laƙaba wa annobar shi ne Sannu, kalmar da ake yi wa wanda masifa ta afka wa jaje. Duk ɗalibin harshe zai ga hikimar wannan suna: ɓarnar ta kai matsayin da babu abin da wani zai iya yi wa wani face ya ce masa sannu. Annoba ta biyu ta zo a 1913 zuwa 1914, daidai da yunwar nan da ake kira Kakalaba, aka sa mata suna Gamagari. Ta uku ta biyo baya a 1919 zuwa 1920, shekarar da ake tsugunar da sabuwar hedikwatar Gombe, ta sake rage ɗan abin da aka farfaɗo da shi.

Kada a ɗauka makiyayan wancan zamani sun naɗe hannu ne. Suna da nasu ilimin tun kafin zuwan Turawa. Sukan guje wa mashayar da garke mai ciwo ya sha, sukan tura ɗan leƙe ya duba makiyaya kafin a tashi, sukan yi hayaƙi domin korar ƙuda, su kai shanu lasar kanwa a kan lokaci. Har ma suna da irin nasu rigakafin ciwon huhu, inda akan yanki ɗan tsokan huhun saniyar da ciwon ya kashe a cusa shi ƙarƙashin fatar karan hancin mai lafiya. Wannan ya nuna tunanin tarar ciwo tun bai zo ba ba baƙo ba ne a ruga. Sai dai bushiya ta fi ƙarfin dabarar mutum ɗaya, domin gudun da makiyayi ya yi da garkensa shi ne yakan kai ta inda ba ta riga ta je ba.

Daga Zariya Zuwa Vom

Tarihin likitancin dabbobi a duniya yana ɗaure da wannan cuta. Ɓarnar da ta yi a Turai na cikin dalilan kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761. Haka kuma ɓullarta a Beljiyam a 1920 ita ta sa ƙasashe 28 suka kafa ofishin lura da cututtukan dabbobi na duniya a birnin Faris a 1924. A Arewacin Nijeriya ma haka abin yake. An buɗe sashen dabbobi a Zariya a daidai lokacin Gamagari, sa'an nan a 1924 aka kafa ɗakin bincike a Vom kusa da Jos, aikinsa na farko kuwa shi ne haɗa ruwan kariya daga bushiya.

Hanyar farko da aka bi mai hatsari ce. Akan yi wa saniya allura biyu a lokaci guda: ɗaya ta jinin da ke ɗauke da cutar, ɗaya ta ruwan jinin saniyar da ta warke. Manufa ita ce ciwon ya kama ta sama-sama ta tashi, ta sami kariya ta har abada. Tilas ne a tsare garke a sansani na tsawon makonni, kuma wasu shanun sukan mutu, musamman raunana da masu sammore a jika. Wannan aiki shi aka sani da huji. Mai karatu ya auna abin da ake nema daga makiyayi a nan: ya kawo shanunsa masu lafiya, ya miƙa wa baƙo, a sa musu ciwo da gangan, ya zauna yana kallo. Babu abin da zai sa mutum ya yarda da haka in ba amana ba.

Ba a sami amanar nan a rana ɗaya ba, domin akwai jangali a tsakani. Harajin shanu ne da Turawa suka tarar suka tsara shi, ana karɓarsa a kan kowane kai. Duk wanda ya zo ƙirga shanu, ko da da sirinji ya zo, makiyayi na iya ɗaukarsa ɗan leƙen asirin masu karɓar jangali. Abin da ya warware wannan zargi shi ne gani da ido. Da annoba ta zagayo, sai aka ga shanun da aka yi wa huji suna kiwo, na maƙwabta suna zubewa. Daga nan sai labari ya bi burtali, makiyaya da kansu suka riƙa neman sansani.

Tsarin mulki na lokacin ya taimaka. Baitulmalin En'e, wanda jangali ke cikin manyan hanyoyin shigarsa, shi ke ɗaukar nauyin sansanoni da albashin malaman dabbobi. Saƙo kan tashi daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da arɗo, a sanar da rana da wuri tun da sauran lokaci. Malamin dabbobi ɗan ƙasa ne, ya san arɗo, arɗo ya san shi, ya san watan da garke ke gangarawa kogi da watan da yake komawa tudu. Tun daga wajejen 1940 aka koma amfani da allurar da aka raunana ƙwayarta a jikin awaki, wadda ta fi sauƙi da rahusa. Yawan shanu ya ƙaru, makiyaya suka bazu zuwa wuraren da a da ba su zama.

Gagarumin Shiri Na 1962

Sauyi mafi girma ya zo ne daga Kenya, inda wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya haɗa sabuwar allura a ƙarshen shekarun 1950. Allura ce mai arha, ba ta kwantar da dabba, kuma sau ɗaya ya isa a ba da kariya ta tsawon rai. Aibinta guda ne, ba ta son zafi, sai an riƙe ta cikin sanyi tun daga ɗakin bincike har zuwa ruga.

Da samun wannan makami, sai masana suka taru a Kano a 1961 suka tsara shirin haɗin gwiwa na ƙasashe, wanda aka fi sani da JP15. An fara shi a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi guda huɗu: Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Hikimarsa ita ce saniya ba ta san iyakar ƙasa ba, saboda haka tilas a yi aiki a lokaci guda a kowane ɓangare. An tsara a yi wa kowace saniya allura sau ɗaya a shekara har shekara uku a jere, a huda kunnenta domin shaida. Ayarin ma'aikata suka shiga daji da motoci da firji mai aiki da kananzir, sarakuna da arɗaɗɗa suka tara jama'a. Kafin a rufe shirin a 1976 ya game ƙasashe 22, an yi wa shanu fiye da miliyan 70 allura. A Nijeriya bushiya ta yi ɓatan dabo, har yaran da aka haifa a ruga a wancan lokaci suka tashi ba su san kamanninta ba.

Amma masu tsara shirin sun bar wasiyya. Sun ce bayan an gama gangami, wajibi ne kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa 'yan maruƙa allura duk shekara, ta kuma sa ido a kan iyakoki da kasuwanni. Dalilin wannan wasiyya a fili yake ga duk wanda ya san garke. Ɗan maraƙi yana samun kariya daga dakashin uwarsa, amma kariyar takan gushe kafin ya cika shekara. Kowace damina ana haihuwar sababbi, kowace kaka ana sayar da tsofaffi. Idan aka yi shekara shida ko bakwai ba a yi huji ba, mafi yawan garken zai zama na shanun da ba su taɓa ganin allura ba, ko da yake a ido garken nan ne dai na jiya. Kariyar garke kamar rufin soro take, kowace shekara sai an yi mata yaɓe.

Yadda Bango Ya Tsage

Ba a riƙe wasiyyar nan yadda ya kamata ba. Da kuɗin agaji na ƙasashen waje ya ƙare, gwamnatoci da yawa suka ga babu dalilin kashe kuɗi a kan ciwon da ba a gani. A Nijeriya abubuwa da dama suka haɗu. Farin 1972 zuwa 1974 ya tarwatsa garkuna ya sauya hanyoyin kiwo. An soke jangali a tsakiyar shekarun 1970, abin da ya sauƙaƙa wa makiyaya, amma ya yanke wata igiya da ke sa hukuma ta san yawan shanun da ke ƙasarta da inda suke. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e da ke riƙe da sansanonin huji. Da kuɗin man fetur ya ja baya aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, motoci suka tsaya, firji suka mutu. Malamin dabbobi ya koma zaman ofis yana jiran a kawo masa marar lafiya, makiyayi kuma ya koma sayen magani a kasuwa.

Ita kuwa bushiya ba ta mutu ba, laɓewa ta yi a wurare biyu da gangamin bai game ba: iyakar Mali da Muritaniya a yamma, da kudancin Sudan da sassan Habasha a gabas. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A farkon shekarun 1980 ta taso daga ɓangarorin biyu. Ta yamma ta shigo ta ƙasar Sakkwato, ta gabas kuma, wadda ta fi zafi, ta biyo ta Cadi da Kamaru ta faɗo Borno a farkon 1983, ta bi hanyoyin fatake ta watsu. Ko namun daji ba su tsira ba, domin ta kashe ɓauna da gadu a gandun dajin Yankari, wanda a lokacin jiha ɗaya yake da Gombe. Masana sun ƙiyasta shanun da suka mutu a Nijeriya da kimanin rabin miliyan, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta asarar da kusan dala biliyan 2.

Abin lura a nan shi ne bambancin 1891 da 1983. A shekarar Sannu babu allura a duniya baki ɗaya. A 1983 kuwa allurar Plowright ta haura shekara ashirin, ana haɗa ta a Vom, kuɗin ta kowace saniya bai taka kara ya karya ba. Abin da aka rasa shi ne shiri. Da ciwo ya ɓarke kowa ya ruga neman allura a lokaci guda, abin da ke ƙasa bai isa ba. Makiyayan da suka firgita suka yi ta gudu da garkuna, wasu suka karyar da shanu a kasuwa, duka biyun kuwa sun ƙara wa wutar iska. An zo fafe gora ranar tafiya.

Ƙarshen Bushiya

Wannan bugu ya farkar da Afirka. A 1986 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ƙaddamar da sabon gangami na nahiya, wanda ya ɗauki darasi daga kurakuran na farko. An kafa cibiyar tantance ingancin allura, aka riƙa ɗibar jinin shanu ana aunawa domin a tabbatar allurar ta kama, maimakon a dogara da yawan kwalaben da aka rarraba. A Nijeriya an ga bushiya ta ƙarshe a 1987, a 1988 kuma aka kafa dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi.

Wuraren da suka gagara su ne na nesa da na yaƙi, irin su ƙasar Afar ta Habasha da kudancin Sudan. Abu biyu suka buɗe su. Na farko, a farkon shekarun 1990 wani masani ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, ya gyara allurar yadda za ta yi kusan wata guda ba firji. Na biyu, aka koma ga makiyaya kansu. Jama'a suka zaɓi mutanensu, likitoci suka horar da su, suka ɗauki allura a ƙafa da bisa jaki da raƙumi zuwa inda mota ba ta zuwa. Haka kuma masu bincike suka riƙa zama da dattawan ruga suna tambayarsu yaushe suka ga ciwon, a ina, wace hanya ya bi. Da wannan ilimi na makiyaya aka gano maɓoyar cutar ta ƙarshe. An tabbatar da kamuwa ta ƙarshe a duniya a 2001, a jikin ɓauna a Kenya, sa'an nan a watan Mayu da Yuni na 2011 hukumomin duniya suka yi shelar ƙarewarta. Ke nan ilimin ɗakin bincike bai kai gaci ba sai da ya zauna a tabarma ɗaya da ilimin ruga.

Abin Da Ya Rage A Turke

Tafiyar bushiya ba ta bar garke lafiya lau ba. A zamanin gangami akan haɗa allurarta da ta ciwon huhu a yi su tare. Da aka daina ta bushiya, sai ta huhu ma ta yi rauni a ƙasashe da dama, ciwon ya sake ɗaga kai. Allurar huhu kuwa kariyarta ba ta wuce kimanin shekara guda, saboda haka ta fi ta bushiya buƙatar tsayayyen lokaci. Akwai kuma ƙanwar bushiya da ke kama awaki da tumaki da majina da zawo, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942. A 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawari a Abijan cewa za su kawar da ita kafin ƙarshen 2030. Wannan ciwo ya shafi kowane gida a nan Tudun Wada da sauran unguwannin Gombe, domin akuya ita ce asusun mace, rago kuma shi ne jarin mai kiwon turke da ke jiran Babbar Salla. Ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna a 2006 da ta ciwon saifa a Suleja a 2023 sun ƙara tunatar da cewa wasu cututtukan dabbobi ba su tsayawa a kan dabba.

To, mene ne shirin da tarihi ke koyarwa? Ba wani abu ba ne mai wuyar fahimta. Mai dabba da malamin dabbobi su zauna tun ana lafiya su bi shekara daki-daki. A bazara, kafin ruwa ya sauka, a yi allurar harbin daji da ta saifa. Da faɗuwar damina da kuma ɗaukewarta a ba da maganin tsutsar ciki, a tsananta cire kaska, domin ita ke share wa kirci hanya. Garken da ke cin rani a fadamun Gongola da gefen madatsar Daɗin Kowa a lura masa da ciwon hanta da sammore. A tsayar da watan hujin huhu, kada a tsallake shekara. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta gefe guda na mako biyu ko uku kafin a haɗa ta da na gida. A san wanda za a kira idan aka ga baƙuwar alama, a kuma san kwana nawa za a jira bayan an yi wa saniya allurar magani kafin a sha nononta ko a yanka ta. 

Nauyin bai tsaya a kan mai dabba kaɗai ba. Makiyayi ba zai riƙe alkawari da ma'aikacin da ba ya zuwa ba, ko wanda ya zo da allurar da zafi ya riga ya kashe. Makiyayar Wawa-Zange da sauran wuraren kiwo da aka keɓe tun bayan dokar 1965 ta Jihar Arewa wurare ne da za a iya tsayar da irin wannan hulɗa, domin a nan ne ake samun garke a inda aka san shi. An sabunta dokar cututtukan dabbobi a 2022, an kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Amma tarihin da ya gabata ya nuna cewa ana auna doka da ma'aikata ne da abu guda, wato ko malamin dabbobi ya iso ruga a watan da aka yi da shi zai zo.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga yadda bushiya ta shigo a zamanin da babu magani ta bar sunan Sannu, yadda huji ya kafu bisa amana tsakanin arɗo da malamin dabbobi, yadda gangamin 1962 ya kusa gamawa da ita, da yadda sakaci na 'yan shekaru ya mayar da hannun agogo baya a 1983. An kuma ga cewa ba a kai ƙarshenta ba sai da aka ɗauki makiyayi a matsayin abokin shawara. Wahalar rigakafi ita ce idan ya yi aiki ba a ganin komai, sai a ɗauka kuɗin da aka kashe ya tafi a banza. A irin wannan shekara ta lafiya ne gwamnati kan janye kasafi, mai garke kuma ya ce bana a bari sai baɗi. Ɗalibanmu da yawa 'ya'yan manoma ne da makiyaya, da kuɗin bijimi ko na tunkiya aka biya wa wasunsu kuɗin makaranta. Ya kamata idan sun koma gida hutu su tambayi iyaye yaushe rabon da a yi wa dabbobin gida allura, kuma wane wata aka tsayar domin ta gaba. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya kiyashe mu da sake ganin shekara irin ta Sannu, amin.